Na Ce Masa Lafiya Lau

Maigidana ya yi wata biyar ba ya dariya bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ya je aiki, ya dawo gidanmu na unguwar Thamesmead a nan ƙasar Turawa, ya zauna yana kallon taga. Shi ya sa da wani dattijon Bature, abokin aikinsa a tuƙin bas, ya gayyace mu kwana ɗaya a ƙaramin jirgin ruwansa mai tafiya da iska, ni na fara cewa mu je. Ni da ko a mota kaina juyawa yake yi.

Mun isa bakin kogi bayan la'asar, na riƙo kular dambun shinkafa, don ba a zuwa wurin mutum hannu rabbana. Ɗakin cikin jirgin bai kai kicin ɗina ba. Ba a miƙewa tsaye, ga warin man inji da danshi. A zaune na yi sallah, ina yi jirgin yana juyar da ni daga alƙibla, na bar wa Allah sauran. Barci kuwa sai dai sama-sama, ruwa yana ta bugun katako daidai kunnena.

Da safe aka kwance igiya, aka ɗaga babban ƙyallen da ke tafiyar da jirgin, iska ta cika shi. Baturen ya damƙa wa maigidana sandar tuƙi. Ba a jima ba na ji dariyarsa, irin wadda take fitowa daga ciki.

"Maman yara, kin ga direba? Yau ba fasinja, ba danja."

"Na gani, Malam. A dai kula da mu," na ce.

A lokacin cikina ya fara tashi. Baturen ya dube ni ya tambaya ko ina lafiya. Na ce lafiya lau. Ya sake tambaya, mu juya gida ko mu ƙara gaba? Na ce duk yadda suka gani ya yi. A wurinmu baƙo ba ya cewa ya gaji, mai gida ne yake gane hakan a fuska. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Ya yi murna, ya ce to mu bi ruwan da ke janyewa zuwa teku, sai ruwan ya dawo da yamma mu dawo tare da shi.

Awa shida ke nan, kuma ni na jawo.

Na takure cikin mayafi ina jan carbi, sanyi yana shiga ƙashina. Duk sanda Malam ya waiwayo sai in yi murmushi. Na riƙe har bayan azahar, sannan na kasa, amai ya taso. Baturen ya miƙo bokiti da sauri yana ta ba da haƙuri.

Malam ya mayar masa da sandar, ya zo ya zauna kusa da ni.

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

"Kika yi shiru?"

"Dariya kake yi, Malam."

Ya riƙe mini bokitin, ya gyara mini mayafi. Na ce ya koma ya yi tuƙinsa, ya ƙi. Sai na ce idan bai koma ba, wahalar da na sha tun safe ta tashi a banza ke nan.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ajiye bokitin inda hannuna zai kai, ya tashi ya karɓi sandar.