Ranar da na kai eriya bisa gawo

Shekarun baya, lokacin soja na mulki, damina ta yi mana gardama a Matamaye. Ni ke gadin wata na'ura da ke bayan biro ɗinmu, wato ofishinmu, mai auna ruwan sama ta aika rahoto Yamai ta tauraron ɗan'adam. A cikinta akwai agogo, shi ma daga tauraro yake karɓar lokaci ta wata 'yar farar eriya da ke kan gajeren ƙarfe. Abokina da ya zo daga Damagaram ya kafa ta ya ja mini kunne: in share ƙura, kada in taɓa komai.

To ni da ƙaiƙayin hannu! Don na taɓa gyaran rediyo sai nake jin kaina injiniya. Na ce abin da ke sauraron sama ya za a bar shi ƙasa, awaki na soshe-soshe a jikinsa? Na samo doguwar wayar talabijin, na yi haɗi biyu, na ɗaure eriya can ƙololuwar gawo. Na sauko ina karkaɗe riga, wai na kusantar da ita ga tauraro.

Bayan sati uku farfe, wato shugaban yankinmu, ya aiko kirana. Soja ne, ba ya dariya. Ya ce Yamai ba ta ƙara jin ɗuriyarmu ba, ga shi ranar Juma'a za a rufe jerin yankunan da za a ba irin wake mai saurin nuna, kuma inda ba rahoto ba a san an yi fari ba. Na tuna gida. Mahaifiyata a Dungu ta yi shuka sau biyu duk ta ƙone, ko tiya ɗaya ta iri ba ta rage mata ba. Haka maƙwabtanta.

Nan gabana ya kira abokina a waya. Abokina ya ce in na'urar ce ta mutu, sai an yi wata kafin wata ta iso. Sannan ya tambaya ko an taɓa wani abu. Wallahi na ji tsoro, har na fara lissafin wanda zai kai mini tuwo gidan kaso. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Eriya na bisa gawo."

Abokina ya yi salati. Ya bayyana cewa saƙon tauraro rarrauna ne, in waya ta yi tsawo yakan makara, ya kuma tsiyaye a hanya, balle mai haɗi biyu. Agogo ya daina ji, ya koma tafiyar kansa. Kowace na'ura kuwa tana da 'yan daƙiƙunta na magana, kamar layin rijiya, tamu ta rasa layinta sai ta yi gum.

Farfe ya dube ni ya ce, "Wanda ya hau shi zai sauko da ita."

Na hau, ƙaya na yagar wandona, sojoji biyu na kallo. Na sauko da eriya, na mayar mata da gajeriyar wayarta ta asali. Kafin la'asar jar fitilar na'urar ta koma kore. Ashe duk awon na ajiye a cikinta, abokina ya yi ta gaya mini a waya abin da zan danna har rahoton ya tafi Yamai. Iri ya iso, aka yi ruwan ƙarshe, wake ya yi.

Har yau hannuna na ƙaiƙayi, sai dai na koyi tambaya kafin in gyara abin da bai lalace ba. Kunyar kuwa ba ta sake ni ba sai bayan kaka, da na zauna na faɗa wa mahaifiyata komai. Tana ɓarar wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Ai kai ka sauko da taka, ɗan nan. Wasu har su mutu tasu na bisa itace."