Ranar da Aka Tare Ni a Ƙofar Zaɓe

Aminina ne ya cuce ni. Ya hau shugabancin ƙungiyarmu ta Hausawan Faransa da ƙuri'un da ni na roƙo masa, kuma yana sane.

Ni mahauci ne a unguwar Guillotière, karatun lekol ban yi nisa ba. Amma duk wanda ya rasu cikin mutanenmu a Lyon, ni ke yi masa wanka, ni ke bin ofis-ofis har gawa ta shiga jirgin Yamai. Shi ya sa da zaɓe ya matso jama'a suka ce sai ni.

A shekarar ne 'yan boko suka kawo sabon tsari, wai irin na ƙasashen da majalisa ke zaɓen shugaban ƙasa: kowane gari ya fitar da wakilansa, wakilai su haɗu a Paris su zaɓi shugaba. Ranar bayanin ina fama da nama a shago, sai aminin nawa, wani Alhaji mai sayar da atamfa, ya je a madadina.

A wurinmu abin kunya ne babba ya nemi kujera biyu. Na ce masa, "Alhaji, kai ka tsaya wakili, ka je ka ɗaga mini hannu."

Ya ce, "An gama, Malam."

Na bi shago-shago ina cewa, wanda ya zaɓe shi ni ya zaɓa. Ya ci.

Na ɗinka sabuwar shadda, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. A ƙofar zauren da aka kama a Château Rouge wani ɗalibi ya tare ni, wai wakilai kaɗai ke shiga. Na ce ni ɗan takara ne.

Ya ce, "Baba, ai shugaba daga cikin wakilai ake zaɓensa. Ba a gaya maka ba?"

Na tsaya a titi da shaddata, kusa da mai gasa masara, har na ji tafi daga ciki.

Alhaji ya fito ana rungumarsa. Da ya hango ni ya ƙaraso da hannu a miƙe. "Malam, doka ce, ba ni ba. Zan sa a ba ka kujerar mataimaki."

Ban karɓi hannun ba. Na ce, "Dokar ka ji ta da kunnenka, ka zo gidana ka ci tuwo, ka yi shiru. Riƙe kujerarka. In ka riga ni mutuwa zan wanke ka, don aikina ne. Kafin ranar, kada ka ƙara gaishe ni."