Yadda Kawu Ya Raba Kicin Gida Uku

Kawuna ya ƙare ƙarfinsa yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata makarantar sakandare. Ɗalibai na kiransa Baba Kwalba, yana kuma amsawa. Famfon da yake wanki a bayan allo yake, don haka darussan farkon kowace shekara sun shige shi har ƙashi, musamman wanda ke cewa kowane abu a duniya ko daskararre ne, ko ruwa-ruwa, ko iska.

Da ya yi ritaya ya dawo gida, hannuwansa suka rasa abin yi. Wata safiya ya leƙa kicin ɗin matarsa, wadda muke kira Inna, ya tarar da gishiri zaune kusa da man gyaɗa.

"Uwargida, shekara da shekaru a cikin wannan rikici kike dafa mana abinci?"

"A cikinsa ka yi wannan tumbin," in ji Inna.

Kafin azahar ya kafa kantoci uku na katako. Daskararru suka koma sito, masu ruwa-ruwa baranda. Kantar iska kuwa a bayan gida ya kafa ta, ya jera mata kwalabe rufaffu waɗanda kowa ke cewa babu komai a ciki, shi kuma ya ce a cike suke maƙil. In Inna za ta dafa shayi sai ta zaga gidan kaf, sukari a nan, madara a can.

Man shanu ne ya fi shan wahala. Da safe a daskare yake, yana sito. Rana na ɗagawa ya narke, sai Kawu ya ɗauke shi da hannu biyu ya kai baranda, da yamma ya mayar. Maƙwabcinsa tela har ya saba, yakan leƙo ta katanga ya ce, "Baba Kwalba, an dawo da maigidan? Ya hanya?" Man goge baki kuwa aka ajiye shi a kan kujera a tsakar gida, yana jiran hukunci.

Inna ta yi ta haƙuri har ranar da yayarta ta kawo ziyara. Suna cikin hira buta ta tafasa, sai ga Kawu da leda yana tsalle yana kamun tururi zai kai bayan gida. Yayar ta kurɓi ruwa, ta tambaya a hankali ko ana ba shi magani.

Da baƙuwa ta tafi Inna ta haɗa kayanta a jaka, ta ce gidan ƙaninta za ta koma, inda ake barin gishiri ya zauna lafiya. Kawu ya tsaya baki buɗe. Ba ya iya barci sai da minsharinta.

A bakin ƙofa ta juyo.

"Malam, kafin in tafi, wai duk abin da ya canza yana komawa yadda yake?"

Fuskarsa ta washe, don ba ta taɓa yi masa tambayar karatu ba.

"A'a, kashi biyu ne. Ƙanƙara in ta narke, ruwan nan ne dai, ki sa a firji ta dawo. Amma itace in ya ƙone ya zama wani abu dabam, toka da hayaƙi. Duk duniya babu mai dawo da shi."

"Ko kai?"

"Ko wanda ya koya mini."

Inna ta ajiye jaka, ta ɓalle kantocin nan ɗaya bayan ɗaya, ta tara a tsakar gida, ta yayyafa kananzir, ta ƙyasta ashana. Kawu ya zauna a kan turmi yana kallo har wutar ta mutu. Ya sa yatsa a tokar, ya murza, ya gyaɗa kai.

"Gwajin ya yi kyau," ya ce. "Hannunki bai ko girgiza ba."

"To, in tafi ko in zauna?"

Ya tashi ya ɗauki jakar ya shige da ita ɗaki, ya zazzage kayan a kan gado, ya ce ta jera su yadda ta ga dama.