Dattijon da Na Koya wa Turanci a Anbariyya

Shekara uku na yi a teburin karɓar baƙi na wani masauki a unguwar Anbariyya, can ƙasa mai tsarki, kuma Turancin da nake taƙama da shi a gida, shi ya ɗaure ni a kujerar nan. Duk sanda na nemi hutu in je in ga 'yata, wadda aka haifa bayan tahowata, sai maigidan ya tambaye ni wa zai amsa wa baƙi. Ba da yardarsa ba kuwa ko filin jirgi ban isa in leƙa ba.

Sai na yi dabara. Akwai wani dattijo ɗan Sudan mai kula da ɗakuna, na lallaɓa shi na fara koya masa bayan la'asar, don a samu mai riƙe mini teburin. Na sha wahala. Ɗan waƙafin nan da Turawa ke ratayawa a saman kalma ya fi komai damunsa, shi a ganinsa rufu'a ce ta ɓata hanya. Wata guda ina nanata masa cewa kalma biyu aka matse, aka cire harafi, aka bar alamar a gurbinsa.

Rannan wani Bature ɗan Ailan da ya musulunta ya sauka wajenmu. Dattijon ya leƙa fasfonsa, ya ga O da alamar a farkon suna, ya tambaye ni me aka cire a nan. Ban sani ba, kunya ta kama ni. Shi kuwa bai yi wata-wata ba ya juya ya tambayi baƙon da Turancinsa mai ɗingishi. Baƙon ya yi dariya, ya ce ba a cire komai ba, a wajensu ma'anarsa jikan wane. Suka yi ta hira, maigida yana tsaye yana ji. Murna ta cika ni har na fara tunanin tsaraba.

Bayan mako guda maigida ya kira ni.

"Mabruk, ya ustaz, ka iya koyarwa. Na mayar da dattijon sabon masaukinmu na Al-Sih. Kai ka riƙe nan, hutu sai bayan Hajji, in sha Allah."

Na ce to. Me zan ce? Raina ya ɓaci, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi sai ni.

Da na kira matata na gaya mata, sai ta ce yarinyar ta fara kiran ƙanena Baba.