Ƙeyar da Audi Ya Juya wa Jumare

Duk wanda ya san Jumare lokacin da yake da ƙarfinsa bai taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba. Bafillace ne na dajin Birnin Gwari, a wata ruga kusa da Dogon Dawa aka haife shi. Shekara arba'in yana bin shanu, in yunwa ta taso sai ya zaga bayan bukka ya sha furarsa shi kaɗai. A tarbiyyar gidansu, dattijo ya zauna yana tauna a gaban jama'a daidai yake da ya tuɓe a tsakiyar kasuwa.

Sai sammore, ciwon da tsando ke sa wa shanu, ya faɗa wa garkensa. Damina biyu, an gama da shi. Ɗansa ya kora 'yan da suka rage ya yi kudu, ko waiwaye bai yi ba. Ƙafar Jumare kuma ta ƙi tafiya. Haka aka kwaso Jumare aka kai shi gidan gajiyayyu da wani likita Bature ya sa aka gina a bakin gari. Su goma sha ɗaya ne a ciki, da mai kula da su, Malam Salmanu.

Da farko ba laifi. Azumi mai tuwo takan miƙa masa ƙwaryarsa ta bakin ƙofa, ya saki asabari ya ci. Abu ɗaya ke baƙanta masa rai: ɗakin da ke kallon nasa na Audi ne, wani tsohon manomin Saminaka wanda shanun Jumare suka taɓa cinye wa dawa ana gab da girbi. Shekara ashirin da yin abin, amma har yanzu in sun haɗa ido sai Audi ya tofar da yawu.

Ran nan Bature ya zo zagaye. Ya leƙa ɗaki-ɗaki, ya ce kaɗaici ne ke kashe tsoho, a riƙa haɗa su su ci tare su yi hira. Ya shiga motarsa ya tafi. Maganar ba ta da aibu. Amma Malam Salmanu, kai, Allah ya raba mu da ƙaramin ma'aikaci mai neman yabo! Ya sa aka kafa rumfa, ya rataya guntun ƙarfe, ya ce daga yau in an buga, wanda bai fito ba babu tuwo.

"Malam, a ba ni nawa a ɗaki," in ji Jumare.

"Baffa, doka ce. Ko ka fi Bature sani ne?"

Jumare ya jawo ƙafa ya fito, ya zauna a bakin tabarma, ƙwarya a gabansa, bai taɓa ba. Kashegari ma haka. Azumi ta ƙunso masa tuwo a zane za ta kai ɗaki, Malam ya kama ta, ya rantse in ta sake sai ta bar aikin. Sauran tsofaffin kuwa dariya suka samu, Audi ne kan gaba.

"Ku ƙyale shi," ya ce, "ciyawa yake jira a yanko masa."

Kwana biyar ruwa kaɗai Jumare ke sha. Har buta ma ta gagare shi ɗauka. Ya san mutuwa ce ke tafe, kuma wallahi ya fi son ta da ido goma a kan bakinsa. Rana ta shida Malam ya tsaya a kansa, ya gutsuro tuwo.

"Yau ko ka ci, ko in ɗura maka kamar jariri!"

Jumare ya dantse baki. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, don baƙin ciki.

Sai Audi ya ja wani dogon tsaki.

"Malam, dakata. Ni fuskar nan ta ishe ni. Kullum ina kallon mugun tsohon nan, tuwo ya ƙi wuce mini." Ya jirga da ƙyar ya juya wa Jumare ƙeya. "Duk ɗan halak ya juya masa baya, a bar shi da baƙin halinsa!"

Ɗaya bayan ɗaya suka juya, har Azumi. Malam kaɗai ya rage da loma a hannu.

"Mun fito rumfa ko ba mu fito ba?" in ji Audi, bai waiwayo ba. "Bature ya ce lallai sai mun kalli juna? Kai kuma me kake kallo, ba ka taɓa ganin tsoho ba ne?"

Malam ya yarfe hannu ya fice yana huci. Ba wanda ya waiga. Da Azumi ta zo kwashe ƙore, ta tarar da ta Jumare a suɗe.

Shekara biyu Jumare ya ƙara a gidan. Kullum aka buga ƙarfe, ƙeya goma yake gani. Shi da Audi kuwa ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba.

Ranar da Jumare ya rasu, da aka dawo daga rufe shi, aka buga ƙarfe, kowa ya fito. Audi ya zauna, ya jirga, ya juya wa bakin tabarma baya.

"Baba," in ji Azumi, "ai babu kowa a nan."

"Na sani. Wa ya tambaye ki?"

Haka ya zauna har tuwon ya huce, bai taɓa ba.