Na Karɓi Kaskon Yaya

'Yata ta fari a hannun yayata ta tashi, a unguwar Madabo. Tun daga yaye Yaya ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba a gidanmu. Ni kuwa ko sunanta ba na faɗa, balle in sa baki a lamarinta. Uwa ba ta shiga maganar 'yar fari, da haka aka raine mu.

Sana'ar Yaya kayan gara ce: alkaki, dubulan, nakiya. Gab da azumi, in bukukuwa suka yi yawa, kaskonta ba ya sauka daga murhu. Yarinyar kuwa hannunta ya faɗa da naɗin alkaki, har ana cewa ta fi Yayar.

Tana aji biyu na ƙaramar sakandare na haɗu da malamarsu a wani gidan suna. Ta ja ni gefe ta ce, “An ce ke kika haifi yarinyar nan ta gidan alkaki?”

Na sunkuyar da kai na ce ta yayata ce.

“To, ki gaya wa yayar taki, yarinyar tana da ƙoƙari, amma in ta zo Litinin sai kuma Alhamis. A haka maimaita aji za ta yi. Kuma in ƙawayenta suka wuce suka bar ta, karatun fita ranta zai yi.”

Wannan ba sai an faɗa min ba. Ni da na tsaya a firamare na san yadda karatu yake sulalewa: fashin yau, fashin gobe, sai a wayi gari kayan makarantar sun zama na zaman gida.

In na yi magana, Yaya za ta ce na raina riƙonta, ko so nake in karɓe abata, ita da Allah bai ba ta haihuwa ba. In na yi shiru, Allah zai tambaye ni. Har tsayawar da na yi na saurari malamar sai da na tuhumi kaina ko gulma ce. Na tsara magana, na rushe, na sake tsarawa. Da na ga bakina ba zai iya ba, sai na ƙulle tsohon zanena na aiki, na sa hijabi, na nufi Madabo da sassafe.

Na tarar an hura wuta, yarinyar tana durƙushe gaban ƙullu.

“Lafiya da farar safiya?” in ji Yaya. “Ko maigidan ne ya koro ki?”

“Aiki na zo nema, Yaya. A ba ni kaskon.”

“Ke? Ke da ko tuwo sai ya yi miki gudaji?”

“Zan koya. Waccan ta sa kayan makaranta ta tafi.”

Yaya ta ajiye matsami ta zuba min ido.

“Au, yau kuma 'yar fari ake yi wa? Kunya ta ƙare ke nan.”

“Taki ce, Yaya, har gobe. Ni hannu kawai na kawo.”

Man ya fara hayaƙi, Yaya ta rage wuta. Sannan ta juya ga yarinyar. “Ke kuma kallon me kike yi? Tashi ki wanke hannu kafin a fara tare masu makara.”

Ban ji da daɗi ba. Yaya ta ɗauke min wuta, magana sai ta “juya” da “kwashe”. Alkakina kuwa karkatacce ne, sai ta tsince shi ta ware wa yaran maƙwabta, wai kada in kore mata masu saye. Mai ya fallatso min a hannu ba sau ɗaya ba. Duk da haka ban yi fashi ba, ita ma yarinyar ba ta ƙara yi ba.

Ta haye aji uku tare da ƙawayenta. Yaya aka kawo wa albishir, ita ta rangaɗa guɗa. Ni ina gindin murhu, na tuna akwai sauran babbar sakandare a gaba. Na ce wa Yaya ta bar min kujerata ta suya a inda take.