Kwanon Wankin Kuzar Baba

Jiya Baba ya cika shekara uku da rasuwa. Shi ya koya mini wankin kuza a Naraguta, don haka na je gidan tarihi in ga kwanonsa.

Kyauta ya ba su, a gabana. Ya ciro shi daga buhu, ya goge da bakin rigarsa kamar yadda ya saba kafin ya shiga ruwa. Ƙamshin jar laka da tsatsa bai bar kwanon ba. Ya ce wa ma'aikacin da ya karɓa, "Oga, sunana kawai nake so a rubuta." Bai iya rubutu ba, sai kansilan da ya kai mu a mota ya sa hannu a madadinsa.

Kwanon yana nan cikin gilashi. Ni ma ban yi karatu ba, sai na roƙi wata ma'aikaciya ta karanta mini katin da ke jikinsa. Sunan kansila ta karanta.

Na ce, "Ba shi ya bayar ba."

Ta ce, "Kawu, kwamitin amintattu takarda yake bi. Sai mai kayan ya zo da kansa a gyara."

"Yana kabari."

Ta sunkuyar da kai. Na ɗauki hulata na fita.

Allah ya jiƙanka, Baba. Wanda ba ya neman sa hannu ya rubuta maka ladanka.